Tsohon da Ya Ɗora wa Hutu Laifi

Shekara arba'in da bakwai mahaifina ya yi yana ɗinka katifar auduga, kuma ban taɓa jin wanda ya kira shi da sunansa ba. Mai Katifa kowa ke cewa, har Inna idan ya ɓata mata rai. Ni ce 'yarsa ta fari, ni ce kuma na gaji bakinsa, shi ya sa tun ina ƙarama yake kirana Barkono. Yanzu ina da jikoki, amma da yana raye da har yau sunan ke nan.

Shagonsa ɗaki ɗaya ne da 'yar rumfa a gaba, a layin bayan kasuwa, tsakanin mai gyaran takalma da mai shayi. Taga ɗaya ce, ita ma ya toshe ta da kwali tun kafin in yi wayo. A ciki akwai tabarma shimfiɗe, da buhunan auduga jingine a bango, da almakashi, da basilla uku da yake sokewa a wani tsumma, sai sanduna biyu sirara da hannunsa ya goge har suna sheƙi. Mutane kan kawo masa katifar da ta kwanta ta zama kamar faifai. Sai ya farke ta, ya zazzage audugar, ya ƙara mata sabuwa, irin ɗanyar nan mai ɓurɓushin ganye da ƙaiƙayi, ya durƙusa ya yi ta bugu da sandunan har ta tashi ta yi laushi. Daga nan ya ɗura a sabon yadi, ya daidaita, ya bi da basilla.

Abin da ya bambanta shi da sauran masu sana'ar shi ne tambaya. Ba ya fara aiki sai ya san yadda mai katifar yake kwanciya. Ta dama ko ta hagu? Bayanka na ciwo? Kai kaɗai ne ko ku biyu? In ku biyu ne, wa ya fi nauyi? Wannan tambaya ta ƙarshe ta sha sa magidanta sosa ƙeya. Akwai wanda ya rantse shi ya fi matarsa nauyi, Baba ya dubi tsohuwar katifar, ya nuna ramin da ke gefe ɗaya, ya ce, "To kai ne ke kwana a ɓangaren da ake sa man gashi?" Har mai shayi sai da ya ƙware don dariya. Amma in ka kwanta a katifar Baba, jikinka zai gaya maka an yi ta ne dominka.

Idan zai yi bugu, sai ya rufe ƙofa ruf. Dalilinsa biyu, kuma ba na jin akwai wanda zai ji su ya ce mutumin banza ne. Na farko, audugar mutane amana ce, ba zai bar iska ta kwashi ko ƙwaya ɗaya ta kai titi ba. Na biyu, mai shayi yana nan dab da shi. "Don me mutum zai zo shan shayi ya sha aikina a ciki?" in ji shi. Sai ya kulle kansa da ƙurar, shi kaɗai, awa biyu ko uku. In ya fito, gira da gemu da gashin hanci duk sun yi fari kamar wanda ya faɗa buhun gari. Muna yara mukan yi masa dariya, shi ma ya taya mu.

Baba mutum ne mai lura, kuma lurar nan tasa ce ta kai shi ta baro. Da can yana hutun rana ɗaya a mako kamar kowa. Yana wajen shekara arba'in ya fara ganin wani abu: duk ranar da ya koma aiki bayan hutu, kafin azahar ƙirjinsa ya ɗaure, tari ya taso, numfashi ya riƙa fita da ƙyar. Washegari abin ya ragu. Rana ta uku garau, kamar ba shi ba. Mako ya zagayo, ya huta, ya koma, ƙirji ya sake ɗaurewa. Ya yi wata da watanni yana bin abin a ransa bai gaya wa kowa ba. Sai aka yi rashin lafiyar wani ƙanen Inna, shi da Inna suka je jinya suka yi kwana tara. Ranar da ya dawo shago, ƙirjin ya ɗaure har sai da mai takalma ya rako shi gida.

A ranar ya yanke hukunci. Ya ce wa Inna, "Na gano mai laifin. Hutu ne. In na huta kwana ɗaya, ciwon kwana ɗaya. Na huta kwana tara, ga shi kin gani. Ƙirjin mai katifa kamar ƙafar ɗan dako yake, in ka zaunar da shi sai ya sangarce."

Daga ranar ya soke hutu. Ko babu aikin kowa, sai ya je ya buga auduga ta awa ɗaya, wai don kada ƙirji ya manta. Abin takaicin kuma shi ne, ranar ɗaurewar nan ta daina zuwa kamar da, saboda babu sauran ranar komawa. Wa zai yi masa gardama? Inna ta gwada sau biyu ta haƙura. Shi kuwa ya mai da abin wa'azi, duk wanda ya zauna a rumfarsa sai ya ji shi. Wanda ya fi kowa haddace karatun nan shi ne Dogo, wanda ya koyi sana'ar a hannunsa shekaru da yawa da suka wuce, ya kuma buɗe nasa shagon a ƙarshen layin. Dogo a lokacin magidanci ne mai furfura da 'ya'ya shida, amma in Baba ya ce rana daga yamma take fitowa, zai ce shi ma ya daɗe yana zargin haka. Yadda Baba ke rufe ƙofa haka yake rufewa, har tagarsa da kwali ya toshe.

Baba ya haura shekara sittin da biyar lokacin da na lura ya zama sarkin gaisuwa. Mutumin da a da daga gida zuwa shago ba ya tsayawa, sai dai ya ɗaga hannu yana tafiya, yanzu sai ya tsaya wurin mai kayan miya, ya dafa tebur, ya tambayi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya. Ya yi taku talatin ya tsaya wurin mai aski, ya jingina da bango, ya bar shi ya yi ta zuba. Mutane suna ta yabo, wai tsufa ya sa Mai Katifa son zumunci. Ba zumunci ba ne, numfashi yake tarawa. A gida kuma ya daina ƙarasa labari. Ya ɗauko shi da daɗi, a tsakiya ya ce, "Ke dai kin san sauran." Da safe sai ya yi ta tari yana kaki kafin ya iya miƙewa sosai.

Mu kuma muka ce tsufa ne. Inna ta dage da ruwan zafi da citta da zuma. Ni da nake ganin na fi kowa wayo a gidan, na ce ai shekaru ne, kowa ya kai nan sai ya yi haki. Har yau in na tuna na faɗi haka da bakina sai in ji haushin kaina.

Wata rana da rana tsaka na kai masa abinci shago, don Inna ba ta jin daɗi. Ƙofa a rufe, amma babu ƙarar sanda. Na yi sallama, shiru. Na tura. Yana durƙushe ya dafa buhu da hannu biyu, kafaɗunsa na hawa da sauka, jijiyoyin wuyansa sun miƙe, leɓɓansa sun yi duhu. Ƙirjinsa na wani fito siriri. Ƙura ta cika ɗakin har ina ganin ta tana yawo a hasken da ya shigo ta bayana. Ya ɗago ya gan ni, ya ɗaga hannu da ƙyar yana yi mini nuni. Na zaci ruwa yake so. Ashe cewa yake in rufe ƙofa, iska za ta kwashi audugar mutane.

Ban san lokacin da na ajiye kwanon ba. Na ce, "Baba, wallahi ko duk audugar duniya ce ta tafi!" Na ƙwalla wa mai takalma kira, muka cicciɓe shi zuwa rumfa, muka tare mota.

Likitar da ta gan mu yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar 'yata ta biyu ba. Baba na ganin ta ya dube ni, irin kallon nan na "nan kika kawo ni?" Aka sa masa iska a hanci har ya dawo hayyacinsa, aka kwantar da shi kwana uku. Ta auna zuciyarsa ta ce ba daga nan ba ne. Ta saurari bayansa sama da ƙasa. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka gwada kakinsa don a tabbatar ba tarin fuka ba ne, aka ce ba shi ba ne. Ranar da za a sallame mu aka ba shi wani bututu ya hura iya ƙarfinsa. Ya hura sau uku, na ukun sai da hawaye ya zubo masa.

Na ce mata, "Likita, ba tsufa ba ne kuwa?"

Ta ce, "Tsufa yana rage ƙarfi, amma ba ya sa mutum haki a taku talatin. In tsoho ya fara haka, akwai dalili, ko a zuciya ko a huhu, kuma a nema. Nasa a huhu yake. Hanyoyin iskar sun ƙuntata, iska na shiga amma fitarta da wuya."

Ta juya wurinsa. "Baba, ka taɓa shan taba?"

"Ko ɗaya, 'yata. Ko warinta ba na so."

"Hayaƙin itace fa? Ka zauna kusa da murhu shekara da shekaru?"

"Wannan sai Innarsu."

"Kana da asma tun kana yaro?"

"Ina yaro babu mai kamo ni a gudu."

"To mene ne aikinka?"

Ya gaya mata. Ta ajiye biro. Ta tambayi girman ɗakin, da taga, da irin audugar. Sannan ta ce, "Can baya, lokacin da abin ya fara, akwai ranar da ƙirjin ya fi matse ka a mako?"

Sai na ga fuskar Baba ta washe. Shekara kusan talatin yana jiran mai ilimi ya yi masa wannan tambaya. Ya gyara zama, ya zayyana mata komai, yana tsayawa yana jan numfashi: ranar komawa aiki, da kwana taran nan, da yadda ya gano hutu ne, da yadda ya yi maganinsa da kansa. Na sunkuyar da kai ina jiran ta yi dariya in rufe ta da faɗa. Ba ta yi ba.

Ta ce, "Baba, ka lura daidai, ko a littafi haka abin yake. Sai dai ka kama wanda ba shi ya yi satar ba. Ƙurar ɗanyar auduga ce. In ka huta, huhun ya ɗan sarara, ranar da ka koma ƙurar ta same shi sabo sai ya ɗaure. Wannan ɗaurewar ƙara ce huhun yake kawo maka. Da ka daina hutu, ƙarar ta daina fitowa fili, amma ɓarnar ba ta tsaya ba, ta ma samu kwana bakwai a mako."

Baba ya kau da kai. Ni na tambaya ko zai warke. Ta ce abin da ya lalace ba ya dawowa, ba za ta yi mana ƙarya ba, amma abin da ya rage ana iya riƙe shi da maganin shaƙa, in har ya rabu da ƙurar gaba ɗaya. Masu sauran lafiya su ne takunkumi da aiki a sarari za su taimaka wa, shi nasa ya wuce nan. "In ya koma ɗakin nan," ta ce, tana duban idona, "kowace rana daga sauran numfashinsa zai riƙa biya."

A mota ya yi magana sau ɗaya tak. "Na girmi ubanta," ya ce, ya juya kai taga.

Muna isa gida na zare makullin shagon daga aljihun rigarsa da ke rataye, na ɗaure a bakin zanena. Kwana biyu bai tambaya ba. Rana ta uku ya ce, "Barkono, makullina." Na ce ba zan bayar ba. Tun da nake ban taɓa ce wa mahaifina a'a gaba da gaba ba, sai ranar nan. Ya ce akwai katifar mutane biyu a ciki. Na ce na kai wa Dogo ya ƙarasa. Ya buɗe baki zai yi mini irin faɗan da ya saba, tari ya tare shi. Da ya lafa, sai ya ce, "Kin ci sa'a," ya koma kujerarsa.

Mako uku ya yi a tsakar gida yana fushi da kowa. Hannuwansa ba sa zama, yana zaune suna ta buga gwiwa kamar da sanda a ciki. Abin shaƙar sai Inna ta tsaya a kansa. Amma tarin safe ya ragu, kakin ma ya ragu, ya kuma fara zuwa bakin ƙofa ba tare da ya dafa bango ba. Inna ta ce masa, "Malam, hutun nan dai bai kashe ka ba." Ya ce ta jira tukuna. Na san ransa na can cikin ɗakin nan, na kuma san ranar da zai ce sai ya koma tana zuwa, kuma ban san abin da zan yi ba in ta zo.

Sai ga Dogo ya zo gaisuwa da yamma, auduga maƙale a girarsa. Ya durƙusa ya gaishe da Baba, suka taɓa hirar aiki. Yana cikin magana tari ya kama shi, busasshe, mai fito a ƙarshe. Ya bubbuga ƙirji yana dariya.

"Maigida, maganarka dutse ce. Shekaranjiya bayana ya riƙe, na kwana biyu a gida. Yau ina komawa ƙirji ya ɗaure tamau. Na ce wa matata, ai Maigida ya faɗa, hutu ba namu ba ne. Ni dai ba zan ƙara ba."

Na buɗe baki, Baba ya watso mini kallo, na haɗiye maganata. Ya sallami Dogo bai ce masa uffan a kan zancen ba. Abincin yamma ma bai taɓa ba.

Da safe ya sa rigarsa ta fita, ya miƙo mini hannu. "Makullin." Babu faɗa a muryarsa. Na ce, "Baba, don Allah." Inna ta dube shi ta daɗe, sannan ta ce, "Ba shi." Na kwance na ba shi, raina kamar ya fita don baƙin ciki. Na yafa mayafi na bi bayansa, na ƙudurta in ya shiga ɗakin nan ni ma zan shiga in zauna a kan audugar, sai dai ya buga da ni.

Muka kama hanya a hankali. Ya tsaya, ya tafi, ya tsaya. Muka iso shagonsa, mai shayi ya taso da murna yana yi masa barka da fitowa. Baba ya amsa, ya dubi ƙofar, ya wuce. Na zaci ya rikice ne. Na ce, "Baba, ga shagon nan." Ya ce, "Na san inda yake."

Ƙarshen layin da nisa ga mai irin ƙirjinsa. Kafin mu kai gumi ya jiƙe masa riga. Ƙofar Dogo a rufe take, ana jin sanda na sauka a ciki, tas tas tas, daidai irin bugun Baba. Ya ƙwanƙwasa da makullin. Dogo ya buɗe, ƙura ta biyo shi waje. Baba ya ja da baya taku uku.

"Maigida! Kai ne da kanka? Shigo, shigo, bari in share maka wuri."

"Ba zan shigo ba. Kai za ka fito."

A nan na gane ya bar sana'ar. Ba a asibiti ba, ba ranar da na ƙwace makulli ba. Mutumin da bai taɓa wuce ɗakin auduga bai leƙa ya damƙi ɗan kaɗan ya ji laushinta ba, ga shi tsaye a titi ya ƙi taka dokin ƙofa.

Dogo ya fito yana goge hannu a wando. Maƙwabta sun fara leƙowa. Baba ya ɗaga rigarsa, a tsakiyar layi, shi da ko singileti ba ya bari a gan shi da ita a waje.

"Sa kunnenka nan."

"Maigida?"

"Sa."

Dogo ya sunkuya, don ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba, ya ɗora kunne a ƙirjin. Daga inda nake ma ina jin fiton. Ya daɗe a haka. Da ya ɗago, fuskarsa ta canza.

Baba ya yi maganar a gutsure, yana tsayawa tsakani. "Naka ke nan... nan da shekara goma sha biyar. Ɗinkin da na koya maka... riƙe shi, mai kyau ne. Zancen hutu... ƙarya na koya maka. Ban sani ba, amma ƙarya ce. Ƙurar ce." Ya jira numfashi ya dawo. "Cire kwalin nan. Sa takunkumi, ko za su ce ka zama jaki. Ka je asibiti... a auna ka tun yanzu." Ya kama hannun Dogo ya danƙa masa makullin. "Rumfata ta fi taka iska. Ka sa shinge, ka yi bugu a can. In auduga ta tashi, bar ta ta tashi... ka gaya wa mai ita ni na ce."

Dogo ya tsaya riƙe da makulli, hawaye na wanke masa ƙurar fuska. "Maigida, ka tabbata? Shekara nawa kana cewa..."

"Kada ka sa ni maimaitawa. Ba ni da numfashin faɗa sau biyu."

Na sha ganin mutane sun yi abin kirki, amma ban taɓa ganin dattijo ya tako da ƙafarsa, da ragowar numfashinsa, ya rushe maganar da ya yi shekara talatin yana alfahari da ita, a gaban wanda ya fi kowa yarda da shi ba. Ban taɓa son mahaifina kamar safiyar nan ba, kuma ban gaya masa ba, don da na faɗa cewa zai yi Barkono ta zama ruwan sanyi.

Dogo ya share ido da gefen riga. "To kai fa, Maigida? Me za ka riƙa yi?"

Baba ya dubi hannuwansa, ya juya su ciki da baya, ya daɗe yana kallo.

"Zan huta," ya ce.

Na kama gwiwar hannunsa muka juya gida, bai kuma fizge ba. Sau tara muka tsaya a hanya.